Mahaucin da Ya Hau Kujerar Damƙau

Da sunan Wanda ya yi nesa ya yi kusa, ya yi abin da ido ke gani da abin da ido bai isa ba. Ku gyara zama, 'yan'uwa. Mai tabarma ya jawo tabarmarsa, mai buzu ya karkaɗe buzunsa, mai tari ya yi tarinsa tun yanzu, don in na ɗauko zancen nan ba na ajiye shi sai na kai gaɓa.

Ni ne Korau ɗan Nomau, mahauci jikan mahauci, mutumin Kurmin Dila. Tun ina saurayi aka san ni da abu biyu, iya fiɗa da taurin gardama. Abin da addini ya zo da shi na gaibu, wannan na sallama, ba na ja. Amma kalmomin nan da mutane ke tauna safe da yamma, su haƙuri, su kunya, su amana, su mutunci, na ce iska ce kawai baki ke hurawa. Hujjata wuƙata. Na feɗe raƙumi tun daga wuya har wutsiya, na ga hanta na ga huhu, ban ga haƙuri ba. Na feɗe bunsuru, na juye tumbinsa, ban tarar da rashin kunya ba. Abin da wuƙa ba ta yanka ba, hannu bai damƙa ba, na ce babu shi.

Allah da ikonsa, sai aka haɗa ni aure da taubashiyata Ladingo, 'yar gwaggona, mace mai harshe kamar aska. Ba ta kiran sunana, sai dai ta ce Ɗan Kawu. In na tambaye ta me ya hana ta, ta ce kunya. In ce ta nuna mini ita. Ta ce, "Ai ga ta nan ta ɗaure mini baki, kai ne makaho." Haka muke, muna ci muna musu, har maƙwabta suka daina zuwa rabo suka koma zuwa kallo.

Ana nan sai annoba ta faɗa wa dabbobin ƙasarmu. Shanu suka yi ta zubewa har garke ya ƙare. Mahauta ta zama zauren ungulaye, daga baya ungulayen ma suka yi ƙaura. Babu nama, babu nono, babu taki a gona, yara suka rame har ana ganin haƙarƙarinsu daga nesa. Wani falke ya sauka garinmu ya ce bayan Ƙasar Yaɗo akwai wani birni, sunansa Damƙau, inda shanu suka fi mutane yawa. Na ce tafiya ta kama ni. Ladingo ta ƙulle kayan yajinta, barkono da citta da kanumfari da ƙuli-ƙuli, ta ɗora a ka.

Na ce, "Ke kuma ina zuwa?"

Ta ce, "Ƙafarka ƙafata. In na bar ka kai kaɗai, wa zai riƙa ƙaryata ka?"

Muka keta daji muka hau tudu, muka gangara kwari muka tsallake rafi, kwana da kwanaki, har muka iso Ƙasar Yaɗo. Ƙasar baƙa ce wuluk, mai maiƙo. In ka dogara sanda kana gaisawa da mutum, kafin ku gama gaisuwa sandar ta yi saiwa. Mutanen can ba sa hawan doki ba sa hawan jaki, duma suke hawa. Kowane duma ya kai ɗaki girma, yaɗonsa kuwa in ya miƙe barewa ba ta kamo shi, yana tafe yana jan 'ya'yansa a ƙasa. A can na ga ana fafe gora ranar tafiya. Mai fafa zai bi duman a guje, ya ɗare kansa, ya huda ƙofa, ya kwashe cikin, duman na nan manne da uwarsa, sa'annan matafiya su faɗa.

Na ba wani mai fafa guntun kilishin da ya rage mini, ya nuna mana wani yaɗo da ya nufi gabas. Ya ce, "In kun hangi jar ganuwa ku yanke, in ba haka ba sai bakin teku." Muka ruga, muka yi tsalle, muka faɗa ciki tim.

Kai, 'yan'uwa! Ban taɓa jin daɗi da tsoro a haɗe kamar na ranar ba. Duman ya ɗauke mu fuu, ya hau suri ya yi sama, ya dira ya yi tsalle, ya faɗa kogi ya ratsa shi kamar agwagwa. Muka wuce garken giwaye suna kallonmu baki buɗe. Muka wuce wani mai gudun tsira da zaki ke kora, muka wuce zakin ma. Hulata ta tashi, ɗankwalin Ladingo ya bi ta. Ita kuwa dariya take har da hawaye, tana riƙe da bakin ƙofa.

Ta yi ihu, "Ɗan Kawu! Me ya cire maka hula?"

Na ce, "Iska!"

"Me ya kawo iskar?"

"Gudu!"

"To yanko mini gudun nan tsoka ɗaya in gani!"

Na ce, "Duma ke gudu, duma kuwa ga shi muna cikinsa!" Na buɗe baki zan ƙara hujja, fara ta faɗa mini a maƙogwaro, musu ya tsaya.

Da jar ganuwa ta bayyana na leƙa na sare yaɗon. Duman ya yi ta mirgina da mu, kaina a ƙasa ƙafarta a sama, ƙafata a sama kanta a ƙasa, har ya daki ganuwar ya dare biyu. Muka zubo a ƙofar Damƙau, jiri na ɗibarmu, 'ya'yan duma sun manne mana har cikin kunne.

Mai gadin ƙofar wani siririn mutum ne, igiyoyi ɗaure a hannuwansa biyu da ƙafafunsa da ƙugunsa, kowace igiya da saniya a ƙarshenta. Na ce, "Sannu da aiki, malam. Muna lafiya?"

Ya zabura ya toshe mini baki da gwiwar hannu, don tafinsa a cike yake. Ya ce, "Kul! Baƙo, kana son kanka kuwa? A garin nan ba a ambaton abin da ba a iya ɗora shi a tafin hannu. Lafiyar ina take? Fari ce ko baƙa? Gaisuwarmu a ce ga hannu, a amsa ga hannu."

Ya ba mu labari a gurguje. Kakan sarkinsu na yanzu ya taɓa ba wani amininsa garkensa ajiya ya tafi yaƙi. Da ya dawo ya ce a ba shi amanarsa, aminin ya shimfiɗa tafin hannu ya ce a nuna masa ita. Tun ranar tsohon ya rantse, duk abin da ba ya damƙuwa babu shi a ƙasarsa. Wanda ya ambata, sai ya kawo shi a hannu, ko a jefa shi Rijiyar Babu, wani rami marar gindi a ƙofar fada. Sun ce duk abin da babu shi can yake, sai mutum ya je ya ɗauko.

Ladingo ta ce, "To ita dokar fa, a hannun wa take?"

Ya ɗaga kulkinsa da haɓa ya ce, "Ga ta."

Ni kuwa murna ta kusa kashe ni. Na yi rawa a nan ƙofar gari, na kaɗa ƙafa na buga ƙirji. Na ce, "Ladingo, kin gani? Gari guda! Gari guda cur na masu hankali! Ashe ba ni kaɗai ba ne!"

Mai gadi ya dube ta ya ce mini, "Macen nan, kana riƙe da ita?"

Na ce, "Matata ce ta aure."

Ya ce, "Ka sake taka doka. Auren a aljihu yake? In kana riƙe kana riƙe, in ka saki ka saki."

Haka muka shiga birnin Damƙau, ni babban mahauci, rana tsaka, riƙe da hannun matata a gaban jama'a. Gumi ya karyo mini, na rasa inda zan sa idona. Ta matso ta raɗa mini, "Ɗan Kawu, me ya jiƙa maka riga?" Na ce zafin rana.

Shanu kam falke bai yi ƙarya ba. Ko'ina ƙaho, ko'ina tozo. Sai dai tunda babu nawa babu naka, wanda ke riƙe da igiya shi ke da saniya. Talakansu na yawo sakayau, attajirinsu kuwa yana zaune kamar gizo-gizo a tsakiyar saƙarsa, igiya har a yatsun ƙafa, ko susa ba ya iyawa. A kasuwa mai dawa ya kama kwandon mai gishiri, mai gishiri ya kama buhun mai dawa, kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara saki. Na ga waɗansu biyu da suka fara ciniki da hantsi, la'asar ta same su suna nan suna zare wa juna ido.

Babu mahaucin kirki a garin, don fiɗa sai da hannu biyu. Na ɗaure gefen zanen Ladingo a ƙuguna na kama aiki. Nan da nan sunana ya zaga, ko da yake ba a yarda a ce suna ba. Kafin wani lokaci ni ma na mallaki igiyar wani bajimin sa, jibgege. Ran nan na ajiye wuƙata zan sosa ƙeya, wani ya yi caraf ya ɗauke.

Na ce, "Kai, tawa ce!"

Ya juya wuƙar sama da ƙasa ya ce, "Ga ƙota, ga kaifi. Ban ga tawa ba."

Ladingo ta tuntsure da dariya. Sai ta buɗe ƙullinta ta hura masa ɗan garin barkono. Ya yi atishawa, wuƙa ta faɗi, na cafe. Mutanen Damƙau ba su san yaji ba, don fatake ba sa kai kaya garin da ba a cewa gobe.

Mun sauka a gidan wata tsohuwa, Gwamma, mai saniya ɗaya tak, wadda nononta shi ne cinta shi ne shanta. Ta riƙe mu kamar 'ya'yanta, ko da yake in ka ce ta yi kirki sai ta waiwaya ta ce ka rufa mata asiri. Wata safiya muka bi ta ƙofar fada tare da ita, zazzaɓi na damunta. A nan na fara ganin Sarki Riƙau. Kujerarsa sassaƙaƙƙen kututturen maɗaci ce, saiwoyinta na cikin ƙasa, an yi mata rumfa. Tunda sarauta ba ta damƙuwa, wanda ke kan kujerar shi ne sarki, saboda haka tun da ya hau bai sauka ba. A kai yake ci, a kai yake gyangyaɗi. Jikinsa ya yi tulu, ƙafafunsa sun zama sillen kara. A hannunsa igiyar wani farin sa, fari fat, wanda yake shafawa yana yi masa magana kamar ɗa.

Jiri ya ɗebi Gwamma, ta durƙusa, igiya ta suɓuce mata. Sarkin dogarai, wani ƙato mai suna Tunkuɗau, ya taka igiyar, ya sunkuya ya ɗauka, ya naɗe a hannunsa. Tsohuwar kuwa, kalmar da za ta faɗa doka ta hana. Sai hawaye.

Ladingo ta fizge zanenta daga ƙuguna, ta tsaya gaban rumfa. Ta ce, "Sarki, a gabanka? Ka ji tsoron Allah! Wannan zalunci ne!"

Fada duka ta zuba mata ido. Ko shanu sun daina tuƙa. Sarki ya karkata kai ya ce, "Me kika ce? Kawo shi in gani."

Dogarai suka yi ram da ita, suka tsai da ita bakin Rijiyar Babu. Na yi kukan kura na ce matata ce. Tunkuɗau ya nuna hannuna, wayam, ya yi murmushi. Sarki ya ce, "Kafin inuwar rumfar nan ta taɓa bakin rijiya, a ɗora mini abin nan a hannu. In ba haka ba ta je ta ɗauko da kanta."

Na dubi Ladingo, yatsun ƙafarta na bakin rami, iska mai sanyi na tasowa daga ciki tana kaɗa zanenta. Ita kuwa ko a nan ba ta fasa ba, ta ce, "Ɗan Kawu, kai ne gwanin nemo abu a cikin ciki. Bismilla."

Maganarta ce ta buɗe mini kai. Na faɗi na yi gaisuwa irin tasu, na ce, "Kujerarka ta yi ƙarko! Ni mahauci ne, na san inda abin nan yake kwana. Yana cikin tozon sa, amma ba ya fitowa sai ya ji wuta, kuma sai gari ya taru."

Sarki ya yi mamaki, ya ce a yi shela. Gari ya ɗungumo, kowa da shanunsa, har filin fada ya cika maƙil. Na kayar da bajimina na yanka, na feɗe shi da saurin da ban taɓa yi ba, ido ɗaya a kan wuƙa ɗaya a kan inuwa. Na hura wuta, na tsire nama, na barbaɗe shi da ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari daga ƙullin Ladingo. Da kitse ya fara ɗiga a garwashi, ƙamshi ya tashi, sai na ga manyan mutane suna haɗiyar yawu kamar yara. Na fara rabo. Ban ba kowa a tsinke ba, tsoka nake zarewa da zafinta in ɗora a tafin hannu. Wanda ya karɓa sai ya jefa ta wancan hannun, ya dawo da ita wannan, yana hurawa, ya ƙi yarwa. Igiyoyi suka koma hammata, suka koma haƙora. Sarki ma na miƙa masa tozo yana tsiyaya, ya cije igiyar farin sansa ya tara hannu biyu.

Ya ce ta gefen baki, "Ina abin?"

Na ce, "Yanzu zai fito." Na juye ragowar barkonon duka a wuta.

Wayyo Damƙau! Hayaƙi ya turnuƙe. Atishawa ta tashi daga gabas ta amsa a yamma, kamar ana buga bindigogi. Mutane na yi, shanu na yi. Igiyoyi suka zube, shanu suka ɗaga wutsiya suka cakuɗe, na wannan ya shiga na wancan. Sai ga mutanen da tun haihuwarsu ba su taɓa furta kalmar ba suna ihu, "Tawa ce! Nawa ne! Sakar mini, ɓarawo!" Sarki ya yi wata atishawa da ta girgiza rumfa, igiya ta fita daga bakinsa. Wani mai tallan itace ya ɗauka ya kama hanya da farin sa.

Sarki Riƙau ya miƙe zumbur. Ya yi taku biyu a kan sillayen ƙafafunsa, ya kife rub da ciki, ya ɗago kai yana kuka, "Farin sana! Tun yana maraƙi nake ba shi dusa da hannuna! Jama'a, wannan zalunci ne!"

Ni kuwa na tsallake tukubar wuta, na yi tsalle ɗaya, na dira daram a kan kujera.

Dogarai suka dubi wanda ke ƙasa, suka dubi wanda ke sama. Suka zube suna tari suna cewa, "Kujerarka ta yi ƙarko!"

Ni Korau, da jinin sa har gwiwar hannu, na zama sarkin Damƙau. Dariya ta kama ni har na kusa faɗowa, na tuna in na faɗo na sauka, na ƙanƙame. Na ce a janye Ladingo daga bakin rami. Na ce a mayar wa Gwamma saniyarta. Na ce a kamo farin sa. Na ce a yi mini fifita, don in ji yadda abin yake. Ladingo ta zo ta durƙusa da tsiya ta ce, "Ranka ya daɗe, sarkin tsire."

Riƙau ya jawo jiki ya ce, "Baƙo, sarautata ce. Na gada."

Na shimfiɗa masa tafin hannu na ce, "Ɗora ta nan."

Amma daɗin bai yi nisa ba. Na duba na ga idanun gari duka a kan kujerar, na Tunkuɗau ya fi na kowa ƙyalli, yana matsowa kaɗan-kaɗan. Ga kujera mai saiwa, ba ta ɗaukuwa. Ga mutanenmu can Kurmin Dila suna jiran nono. In na kori kowa nesa muka gudu, shanu ba sa sauri, duk wanda ya hau bayana zai sa a kamo mu. Ga kuma wata matsuwa da ba a faɗa a gaban manya, don na sha ruwa da yawa wajen gashi. Na fara mutsu-mutsu.

Ladingo ta raɗa mini, "Hanya ɗaya ce. Ka mayar wa mai ita, ya yi maka alkawari."

Na ce, "Alkawari? In tashi in ba mutum wuyana a kan iskar baki?"

Ta ce, "To zauna, ranka ya daɗe. Sai dai a kawo maka kasko."

Na kira Riƙau. Na ce zan sauka ya hau, in zai bar mu mu fita da ranmu, ya ba mu garken da zai ta da garinmu, kada wanda ya taɓa mu har mu haye kogin da ke yamma da birni. Ya ce ya ji. Ladingo ta ce, "Ji ba ya isa. Ka ce, na ɗauki alkawari."

Ya dudduba ƙasa ya ce, "Ina yake in ɗauka?"

Ta ce, "Kai dai faɗi. Shi zai hau ka."

Ya faɗa, a gaban gari duka, da murya kamar ta mai haɗiye ƙashi.

'Yan'uwa, na tsaya gaban sa mai tunkuyi, na shiga tsakanin raƙuma masu faɗa, amma ban taɓa yin abin da ya kai ɗaga mazaunaina daga kututturen nan wuya ba. Tsakanin wuyana da takobin Tunkuɗau babu garkuwa, babu bango, sai kalmomi uku da iska ta riga ta kwashe. Na yi bismilla, na kama Riƙau na ɗaga shi, na zame, na dasa shi a kai.

Yana jin itace a ƙarƙashinsa fuskarsa ta sake. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Ya dubi ƙurar da ke rigarsa, ya dubi mutanen da suka ga faɗuwarsa, ya dube ni. Tunkuɗau ya zare takobi ya ce, "Kujerarka ta yi ƙarko, ka ce kawai." Sarki ya ɗaga hannu, ya buɗe baki. Na rufe ido.

Shiru. Na buɗe ido ɗaya. Bakinsa na buɗe, babu abin da ke fita. Ya sake gwadawa, ya kama maƙogwaronsa. Gumi ya keto masa. Ya shafa wuyansa, ya shafa kafaɗunsa, ya leƙa bayansa.

Ya ce, "Wa ya shaƙe ni? Me kuka ɗora mini? Tunkuɗau, duba bayana!"

Tunkuɗau ya duba ya ce, "Babu komai."

Ya ce, "Ƙarya kake, ya fi buhun gishiri nauyi!"

Ladingo ta ce, "Shi ne, ranka ya daɗe. Kaya ne. Ba ya sauka sai ka kai shi inda ka ce."

Sarki ya yi nishi ya ce a mai da takobi kube. Ni kuwa ban tsaya godiya ba, na ruga bayan ganuwa tukuna.

Aka ware mana garke, karsana da bajimai da masu shayarwa. Gwamma ta rungume Ladingo, ta waiwaya hagu da dama, ta ce a hankali, "Na gode," sa'annan ta rufe baki tana dariya kamar yarinyar da ta saci zuma. Muka kora shanu muka fita ƙofar yamma. Ba mu yi nisa ba muka ji hayaniya a baya. Na ce shi ke nan, ya warware. Na waiwaya, sai ga Sarki Riƙau da kansa, a ƙasa, yana tangaɗi a kan sillayen ƙafafunsa, dogarai biyu na tallafe da shi, gari na biye.

Ya iso yana haki ya ce, "Na kasa zama. In wani ya tare ku a hanya fa? Abin nan a wuyana zai kwana. Ku wuce, ina bayanku."

Na ce, "Kujerar fa?"

Ya ce, "Na ce kowa ya biyo ni, kowa kuma ya biyo. Ni ma ban san me ya jawo su ba."

Muka isa kogi, shanu suka faɗa ruwa. Sarki ya tsaya bakin gaɓa yana kora da hannunsa, yana yi wa masu nawar tafiya tsawa. Muka haye a kan wani takarkari, ni a gaba Ladingo a baya. Wata 'yar maraƙa ta tsaya tsakiyar ruwa tana shawagi, ya yi ta roƙonta kamar zai yi kuka. Da ta taka tudu ta girgije, sai na ga Sarki ya miƙe tsaye cak. Ya juya wuya, ya ɗaga kafaɗu, ya ja numfashi mai tsawo. Ya ture dogaran, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar, sai rawa. Tulun ciki na kaɗawa, rawani na warwarewa, ya faɗi ya tashi ya ci gaba.

Ya haɗa hannu a baki ya yi kira daga ƙetare, "Mahauci! Ya sauka! Kai, daɗi! Akwai wani? Ku ba ni wani in ɗauka!"

Ladingo ta amsa, "Ba a bayarwa, ranka ya daɗe, kai za ka yi abinka!"

Ya juya ya cafke mutumin da ya fi kusa da shi, ya yi masa alkawarin riga. Ya kama na biye, ya yi masa alkawarin zuwa sunan ɗansa, mutumin ma ko mata ba shi da ita. Har muka sha kwana muna jiyo muryarsa yana rabo, jama'a na shewa.

Ladingo ta zungure ni a haƙarƙari ta ce, "To, Ɗan Kawu?"

Na ce, "Nauyi kam yana da shi, na gani da idona."

Ta ce, "Me ka gani?"

Na buɗe baki na rufe. Ta yi dariya har ta zame daga kan takarkari ta faɗa cikin ciyawa, ƙafafu a sama, sai da na sauka na ɗago ta, ni ma ina yi.

Da muka shiga Kurmin Dila da garken nan, mata suka fito da ƙore suna guɗa, yara suka sha nono har suka yi barci a tsaye. Nan hikayata ta kai gaɓa. Wanda ya ji ya ƙaru, wanda ya yi gyangyaɗi ya tambayi na kusa da shi, godiya kuma ta tabbata ga Mai kowa Mai komai.